Inci Biyu da Rabi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba, cikin dogon hutun damina, na durƙusa a ƙofar gidanmu da ke Yelwa, na zura tef ɗin ɗinkin Inna ƙarƙashin motar Yaya Garba, na karanta inci bakwai, na rubuta. Na san lokacin ne domin a saman takardar na sa shi, kamar yadda nake yi wa duk abin da na auna a wancan zamani. Ban yi kuskuren karanta tef ba, inci bakwai ne cif. Amma daga wannan mintin ne abubuwa suka fara lalacewa, shi ya sa nake so ku 'ya'yana ku ji labarin daga bakina. Kun tashi kuna jin Kawunku Garba yana cewa wani tsohon bakanike ne ya kashe masa jar motarsa, kuna dariya, ni kuma nakan yi murmushi in bar zancen ya wuce. Ba haka aka yi ba, kuma na daɗe ina bari ana faɗa.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yi Kebbi ba tukuna. Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana. Idan baƙi suka yi sallama a gidanmu, ɗaki nake shigewa da littafi har su tafi, kuma ko a aji sai in san amsa in ƙi ɗaga hannu. Yaya Garba kuwa, wana da ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ne bakin gidanmu. Yana aiki a Kaduna, ya zo hutu a wannan daminar da wata mota da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Ja ce, ƙofa biyu, dogon hanci, gajeriyar baya, irin wadda ake ƙera wa gudu. Ranar da ya shigo da ita unguwarmu, masunta har barin ɗinkin koma suka yi suka zo kallo. Inna ta zagaya ta sau biyu, hannunta a haɓa.

"Garba, ina sauran ƙofofin? Ko kan hanya sunka faɗi?"

"Inna, haka anka yi ta. Motar tsere ce."

"To wa ke bin ka?"

Duk da haka motar ba ta gamsar da shi ba. Yana da wata mujallar Turawa da ya nannaɗe har ta yi laushi, a cikinta akwai hoton irin motar an sauke ta ƙasa, cikinta kamar zai shafi kwalta. Ya ce haka ake yi wa irinta, idan ta yi ƙasa ba ta tangaɗi a kwana, sai ta manne wa hanya. Ni ya sa na karanta masa bayanin da ke ƙarƙashin hoton har sau uku, sannan ya ce in shiga mu je wurin Baba Ɗantani in sake karantawa.

Garejin Baba Ɗantani inuwar wani babban maɗaci ce a bayan tasha. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, wanda ya fara da gyaran manyan motocin da ke jigilar kifi, da aka datse kogi tafki ya zo kuma aka fara sa wa jiragen ruwa inji, ya koyi wannan ma ba wanda ya koya masa. Bai yi boko ba, amma yana karanta lamba. Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne wani tsohon buhu da yake shimfiɗawa a gefensa. Duk noti da ƙusar da ya kwance, a kansa yake jera su bi da bi, daga dama zuwa hagu, idan zai mayar ya biyo su daga hagu. Ban taɓa ganin babban mutum da ke aiki yadda nake jera littattafaina ba sai shi. Ya saurari karatuna har ƙarshe, sannan ya tashi ya danna gaban motar da hannu biyu ya saki, ya karkata kai yana saurare. Ya yi wa baya haka.

"Hanyar sauke mota ukku ce," in ji shi. "Akwai mai yanke sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da mota ke zaune kai, da zarto. Akwai mai gasa shi da wutar walda har ya zauna. Waɗanga biyu in kana son su, ga ƙofa nan, ka nemi wani."

"Baba, ai nan ba ƙofa," in ji Yaya yana dariya. "Itace ne."

"To ga gindin itace nan. Sifirin da anka yanke ba ya da zama, rana guda sai ya fice daga mazauninsa kana cikin gudu. Wanda anka gasa kuwa ya mutu, sai ranar karyewa. Ta ukku, ka aika Kaduna a sawo gajerun sifirin da anka ƙera don hakan, tare da shokazoba tasu mai hana mota tsalle. In ka sa gajeren sifirin da tsohuwar shokazoba, wata biyu ta zubar da mai, motar ta riƙa tsalle kamar kwaɗo."

A nan suka daidaita, amma a gaba suka rabu. Yaya ya riga ya yi tambaya a Kaduna, ya san iri biyu ake samu: wanda ke sauke mota inci ɗaya, da wanda ke sauke ta inci biyu da rabi. Shi na biyun yake so, irin na hoto. Baba Ɗantani ya ce ɗaya ya isa, domin motar ba kwalta kawai za ta hau ba. Duk mai mota a gidanmu dole wata rana ya kai Inna ƙauyensu da ke bakin ruwa ta wajen Warra, hanyar kuwa ta jar ƙasa ce, manyan motoci sun ci gefenta biyu sun bar tudu a tsakiya. Suka yi ta ja har Yaya ya gaji, ya juyo ya nuna ni.

"Ga mai lissafi nan, ita ke ɗaya a ajinsu. Hajo, ki auna motar, ki auna hanyar. Abin da takarda ta ce shi za a yi."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige. Amma a zuciyata na ji daɗi, domin ba a taɓa ba ni aikin manya ba. A ranar da yamma na auna motar, daga ƙasa zuwa tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin injin, wadda ita ce mafi kusa da ƙasa. Washegari Yaya ya ari babur ya ɗauke ni, na rungumi wani katako miƙaƙƙe. Duk inda na ga tudun tsakiya ya yi tsawo sai in taɓa bayansa ya tsaya, in ɗora katakon, in auna zurfin sawun taya ta dama da ta hagu. Wuri ashirin da uku na auna, manoma na tsayawa da fartanya a kafaɗa suna kallon yarinya tana awon hanya kamar yadin atamfa. Mafi muni shi ne wani gangare bayan wata kwalbati, inda dutse ya leƙo a tsakiya, inci huɗu. Lissafin ba wuya: bakwai a cire biyu da rabi, saura huɗu da rabi. Mota za ta wuce da rarar rabin inci. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Da muka kai wa Baba Ɗantani takardar, sai ya goge hannunsa sosai kafin ya karɓa. Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa. Ni ina tsaye bayan Yaya, mayafina a baki.

"Ita ta auna hanyar? Da ƙafarta?"

"Wuri ashirin da ukku, Baba. Har na gaji da tsayawa."

Ya ɗago ya dube ni, ya sake duban takardar, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya ninke ta ya miƙa mini da hannu biyu.

"Garba, motarka ce. In ni ne, ɗaya zan sa. Kuma in an sa wanga, kada ka yi mata lodi."

"Baba, wa ke yi wa motar tsere lodi?"

A ranar aka ba wani direban Kaduna saƙo. Kwana biyu bayan haka na gane abin da na yi. Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu, ta zo ganin motar, Yaya ya ce ta shiga ya zagaya da ita gari. Gwaggo mace ce mai jiki, Allah ya jiƙanta. Ina tsaye a soro na ga ta zauna a kujerar gaba, na ga motar ta nutse, tayar ta shige cikin jikin motar. Sai na tuna. Ba kowa a ciki lokacin da na auna. Ko direba babu. Na auna mota kamar yadda take a hoton mujalla, alhali a Yauri na tashi, inda ban taɓa ganin mota ta bar ƙofar gida da mutum ɗaya ba. Da suka dawo na laɓaɓa da tef kafin Gwaggo ta samu ta fito, ina yi kamar ɗan kunnena ya faɗi. Inci biyar da rabi na gani a inda na rubuta bakwai.

Kwana tara kayan suka yi kafin su iso, kuma kowace safiya cikin bakwai ɗin da suka rage na tashi da niyyar faɗa wa Yaya. Sai in same shi a ƙofar gida yana nuna wa abokansa takardata, yana cewa ƙanwarsa injiniya ce, ta ƙure Baba Ɗantani da alƙalami. Sai maganar ta maƙale. Na riƙa gaya wa kaina cewa sabon sifirin ya fi tauri, ƙila ba zai nutse sosai ba, ƙila ruwan sama ya rufe dutsen da ƙasa. Wannan shi ne shawarar da na yanke, ban yanke ta da baki ba, da shiru na yanke ta.

Ranar ɗaurawa ban iya zama a gida ba. Na bi Yaya na zauna kan wani benci ina kallo, kuma har yau ban ga aiki mai tsabta irin wannan ba. Mutumin da bai yarda da zaɓin ba, bai rage komai a aikin ba. Ya jera sabbin sifirin huɗu a ƙasa ya gwada tsawonsu da juna kafin ya taɓa motar. Ya matse kowace shokazoba da hannu ya saki, yana kallon yadda take dawowa. Bai ɗaure notin ƙarshe ba sai da ya sauke motar daga jak ta zauna da nauyinta, ya ce in an ɗaure tana sama robobin murɗewa suke yi su tsage. Da ya gama ya sa Yaya ya tura ta gaba da baya, ya tsugunna daga nesa ya runtse ido ɗaya yana duban tsayuwar tayoyin, ya sake shiga ƙarƙashi ya gyara ta hagu. Da la'asar muka hau kwaltar Kwantagora. Gaskiya ita ce Yaya bai yi ƙarya ba. Motar ta kwanta a hanya, muka sha kwana ko kaɗan ban jingina da ƙofa ba. Yaya na ta buga sitiyari yana kirari. Na yi yini ɗaya na manta da dutsen.

Ranar Lahadi aka yi suna a ƙauyen su Inna. Ni da Inna muka ƙudundune a baya, Gwaggo Kulu a gaba domin ba za ta iya lanƙwasawa ta shiga baya ba. A tafiya mun wuce, ko da yake sau biyu na ji ƙasa ta shafi cikin motar, na damƙe gefen kujera. Dawowa ce matsalar. Kun san mutanenmu na bakin ruwa, ba a barin baƙo ya koma hannu wofi, kuma ba a cewa ya isa. Aka kawo kwando biyu na kifin banda, aka cika but ɗin motar. Aka kawo rabin buhun shinkafa, ba wuri, aka sa a ƙafafun Gwaggo. Aka ɗora mata kabewa biyu a cinya. Yaya ya fara cewa motar ba ta kaya ba ce, Inna ta harare shi.

"Ɗan'uwana zai ba ni abu in ce mishi motar ɗana ba ta so? Garba, ka ji kunya mana."

Ina da baki a wurin. Na san lambar, na san gangaren, na san har bishiyar da ke kusa da shi. Da na ce mu sauka mu taka a ƙafa a wannan wuri kaɗai, da an wuce lafiya. Da muka doshi kwalbatin na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yaya, a hankali," da muryar da ko Inna da ke jikina ba ta ji ba. Gaban motar ya yi ƙasa a gangaren, muka ji ƙara kamar an buga tukunyar ƙarfe da taɓarya. Gwaggo ta yi salati, kabewa ɗaya ta faɗi. Yaya ya leƙa ta taga, bai ga komai ba, ya ci gaba. Baƙin mai kuwa yana tsiyaya a bayanmu. Ba mu yi mil uku ba injin ya fara ƙwanƙwasa, sannan ya buga. Motar kifi ce ta jawo mu Yelwa da igiya, duk wanda muka wuce a hanya yana tsayawa kallo.

A bayan tasha aka kwance igiyar, direbobi cike da wurin. Yaya ya fito idonsa jawur, ya zaro takardata daga aljihu ya ɗaga sama.

"Ga lissafi nan! Takarda ta ce za ta wuce da rabin inci. To in ba ta wuce ba, mi ya rage? Hannunka ne, tsoho! Ka tsaya ga injin jirgi, wannan ta fi ƙarfinka."

Baba Ɗantani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shafa inda tukunyar ta fashe, ya dubi yatsunsa. Ya miƙe, idonsa ya bi kan kwandunan kifi, da buhun shinkafa, da Gwaggo da ake ƙoƙarin fitarwa. Sannan ya sauka a kaina. Na sunkuyar da kai ina jira.

"Ni na ɗaura," in ji shi. "Allah ya tsare gaba, tunda ba wanda ya ji ciwo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Motar ba ta sake tashi ba, domin ba a samu injin irinta ba ko a Kaduna; a ƙofar gidanmu ta zauna har kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai. Maganar kuma ta zagaya tasha cewa hannun Ɗantani ya tsufa, ƙaramar mota ta gagare shi. Masu ƙananan motocin haya suka janye zuwa wani gareji. Idan Inna ta aike ni kasuwa nakan hango inuwar maɗacin nan da a da sai an yi layi, ba komai sai injin jirgi ɗaya ko biyu, shi kuma yana zaune yana goge sifanunsa. Sai in canza hanya. Ranar da Yaya zai koma Kaduna na tare shi a soro na faɗa masa komai, ina kuka. Ya saurare ni, ya dafa kaina.

"Hajo, kin cika tausayi. Don kin ga tsoho ne kike son ɗaukar mishi laifi? Share hawayenki."

Bai taɓa yarda ba, har yau. Shi a wurinsa ƙanwarsa ba ta kuskuren lissafi, kuma na san ƙauna ce, amma wani ne ya ɗauki nauyinta.

Saura kwana biyu in koma makaranta na ɗaure na tafi garejin da hantsi. Na same shi shi kaɗai, ya kwance wani injin jirgi a kan buhunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana aiki, ya tambayi Inna da Gwaggo. Na daɗe ina murza bakin mayafi.

"Baba, lissafina ne ba daidai ba. Ba kowa cikin motar lokacin da na auna."

"Na sani. Tun ranar da kinka kawo takardar na gani. Bakwai ɗin nan na mota wofi ne. Kamata ya yi in ja ki gefe in nuna miki, ban yi ba, na tsaya ga gargaɗin lodi. Wannan nawa ne."

"To ranar da Yaya ya ci mutuncinka a gaban mutane fa? Kalma ɗaya za ka faɗa. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ajiye sifanar a inda ya ɗauke ta, ya goge hannu, ya dube ni sosai.

"'Yata, shekara talatin ina gyaran mota garin ga. Kowa zagin hanya yake yi, ban taɓa ganin wanda ya sauka ya auna ta ba sai ke. Direbobin nan za su dawo, motocinsu ba su daina lalacewa ba. Ke kuwa, da na faɗa a gabansu sunka yi miki dariya, ba za ki ƙara auna komai ba har ki mutu."